Zulu Sofola da Tambayar da Ɗalibata Ta Yi Mini a Dutse

Wata ranar Alhamis da la'asar sakaliya, a wata makarantar sakandaren 'yan mata da ke Dutse, muna gwajin wasan Uwar Gulma na Mohammed Sada saboda bikin ƙarshen zango. Aji muka share, muka tura bencina jikin bango, muka shimfiɗa tabarma biyu a matsayin tsakar gida. Yarinyar da aka ba Hayatu, mijin Halima a wasan, ta aro babbar rigar yayanta, ta ɗora hula a kan ɗankwali, ta zizara gawayi a saman leɓe ya zama gashin baki. Tana daka wa Halima tsawa, sauran suna ta sheƙa dariya. Da aka tsaya shan ruwa, sai wadda take fitowa a Halima ta matso kusa da ni, littafin a naɗe a hannunta.

Ta ce, "Malama, don Allah in yi tambaya? Wai duk wasannin nan da muke karantawa babu wanda mace ta rubuta? Ni fa akwai maganganun da aka sa a bakin Halima da na ji kamar ba haka mace za ta ce ba."

Na ce, "To, yaya za ta ce?"

Ta ce, "Wani wurin shiru za ta yi, Malama. Sai ta shiga ɗaki sannan ta amayar wa 'yar uwarta abin da ke cikinta."

Har na isa gida maganar nan ba ta sake ni ba. Na zauna na jero wasannin da muka tashi da su: Wasan Marafa na Abubakar Tunau da ya fito a 1949, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, Uwar Gulma, Tabarmar Kunya na Adamu Ɗangoggo da Dauda Kano, Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina da ya fito a 1979. Ayyuka ne nagari, sun yi wa harshenmu hidima. Kusan dukkansu kuma a kan aure da zaman gida suke, wato a kan mata. Amma duk maza ne suka riƙe alƙalamin. Yarinyar nan da kunnenta ta gano abin da ni na daɗe ina kallo ban lura ba.

Amsar da na kai mata washegari sunan wata mata ce daga kudu, Zulu Sofola, mace ta farko a Nijeriya da aka buga wasannin kwaikwayonta a littafi. Ina ganin rayuwarta da ayyukanta sun isa a baje su gaban mai karatu Bahaushe, domin kusan duk abin da ta taɓo muna da irinsa a gidajenmu, kuma hanyar da ta bi hanya ce da 'yar Dutse ko Kiyawa ko Jahun za ta iya bi ba tare da ta bar gida ba.

Wace ce Zulu Sofola?

An haife ta ranar 22 ga Yuni 1935 a Issele-Uku, garin Ibo na yammacin kogin Kwara, a cikin Jihar Delta ta yanzu. Sunanta na yanka Nwazuluwa, shi aka gajarta ya koma Zulu, kuma gidansu gidan masu riƙe da sarautar gargajiya ne, gidan Okwumabua. Ta yi firamare a Asaba, ta shiga makarantar 'yan mata ta mishan a Agbor, daga nan ta tafi Amurka tun tana budurwa. A can ta sami digirin farko a fannin Ingilishi a Jami'ar Virginia Union a 1959, sannan ta yi digiri na biyu a fannin wasan kwaikwayo a Jami'ar Katolika da ke Washington. A Amurkan ta haɗu da mijinta, Adeyemi Sofola, Bayarabe masanin zamantakewar al'umma, wanda sunansa ta ɗauka.

Ta dawo gida a 1966, shekarar da ƙasa ta rikice, yaƙin basasa yana bakin ƙofa. Ta kama koyarwa a Jami'ar Ibadan, inda ta yi digirin digirgir a 1977. Daga baya ta koma Jami'ar Ilorin ta shugabanci sashen wasan kwaikwayo da kiɗa da rawa, kuma a can ta kai matsayin farfesa, mace ta farko a Afirka da ta kai wannan mataki a fannin. Ta rasu ranar 5 ga Satumba 1995 tana da shekara 60.

Fagen da ta tarar na maza ne zalla. A jami'a ana maganar Wole Soyinka da J. P. Clark da Ola Rotimi. A gari kuwa ƙungiyoyin Hubert Ogunde da Duro Ladipo da Kola Ogunmola ne ke yawo da wasa gari-gari. Kada mu ɗauka ƙyamar 'ya mace ta hau dandali a Arewa kaɗai take. A ƙasar Yarbawa ma iyaye ba sa yarda 'yarsu ta bi 'yan wasa, har ta kai Ogunde yakan auri matan da ke fitowa a wasanninsa don su tsaya a ƙungiyar. A irin wannan hali ne matar aure mai 'ya'ya ta zauna tana tsara wasa, tana ba 'yan wasa umarni, tana kai rubutunta ga masu ɗab'i. A Gana an riga ta: Ama Ata Aidoo ta fitar da The Dilemma of a Ghost a 1965, Efua Sutherland kuma ta kafa gidan wasa a Ankara tun farkon shekarun 1960. Amma a Nijeriya Zulu ce ta share hanya, wasu irin su Tess Onwueme suka biyo sawu.

Auren da aka ɗaura don a biya kuɗin magani

Wasanta da ya fi shahara shi ne Wedlock of the Gods, wanda ya fito a 1972. Ma'anar sunan ita ce auren da aka ƙulla tun daga sama, wanda ɗan Adam ba shi da ikon warwarewa. Labarin wata yarinya ne mai suna Ogwoma da take son wani saurayi, Uloko. Ɗan'uwanta ya kwanta ciwo mai tsanani, iyayenta ba su da abin biyan magani, Uloko kuma ba shi da dukiyar aure. Sai aka ba da ita ga Adigwu, wanda yake da abin biya. Ta zauna da shi shekara uku ba so ba ƙauna, sannan ya mutu. Al'adar garin ta ce ta yi zaman makoki na wata uku, in ta fita kuma ɗan'uwan mamacin ya gaje ta. Ogwoma ta ga wannan ita ce ƙofar da za ta kuɓuta, ta koma wa Uloko tun wa'adin bai cika ba, har ta sami ciki. Uwar mijinta, Odibei, wadda dama take zargin ita ta kashe mata ɗa, ta yi mata asiri ta sa ta sha guba. Uloko ya sare tsohuwar, shi ma ya sha ragowar gubar ya bi masoyiyarsa.

Bahaushiya Musulma da ta karanta wasan nan za ta ga inda muka rabu da mutanen Ogwoma. Addininmu ya hana a gaji mace kamar kayan gado. Sadaki haƙƙin amarya ne, ba na uba ba. Takaba kuma wata huɗu da kwana goma ce, kuma abin da Ogwoma ta aikata a cikinta babu mai ba ta gaskiya a kai. To amma a tsaya a dubi tushen masifar. Wane ƙauye ne tsakanin Dutse da Gwaram ba a san labarin yarinyar da aka aurar don uba ya ci bashi, ko don a rage baki a gida, ko don wani mai hali ya daɗe yana yi wa gidan alheri ana jin nauyinsa? Wace unguwa ce ba ta san uwar mijin da ta ɗora wa suruka alhakin mutuwar ɗanta ba? Sunaye ne kawai suka bambanta.

Gwanintar Zulu a nan ita ce ba ta mai da kowa dodo ba. Uban Ogwoma ba mugu ba ne, mutum ne da ya ga ɗansa zai mutu ya rasa tudun dafawa, dangi kuma suka zura masa ido. Akwai wurin da dangin suka taru don a kashe wutar, zaman ya ɓige da tonon silili, kowa yana tuna wa ɗan'uwansa inda ya gaza. Duk wanda ya taɓa zama a zauren da aka tara 'yan uwa kan rikicin aure zai gane wannan zama. Odibei kanta uwa ce da baƙin cikin rashin ɗa ya cinye. Ogwoma kuwa an zalunce ta da farko, ita ma ta taka doka daga baya. Mai kallo zai tashi yana tausayin kowa, yana kuma tambayar kansa: a wane mataki ne da an tsaya an saurari yarinyar nan da ba a kai ga gawa uku ba? Wasan bai ce a rushe al'ada ba. Cewa ya yi al'adar da ta toshe kunne ga kukan 'ya'yanta ita ke jawo a karya ta ta mummunar hanya.

Sarkin da ya ƙi jin shawara

A 1974 ta fitar da King Emene. Wani saurayin sarki ne a garin Oligbo yake shirin shigar da jama'arsa makon zaman lafiya, makon da al'ada ta ce ba a shigarsa sai fada tana da tsarki. Aka gargaɗe shi cewa akwai laifin jini a cikin gidan sarauta, a tono shi tukuna. Ya ɗauka maƙiya ne ke masa zagon ƙasa, ya yi watsi da dattawan fada, ya tuɓe Omu, wato shugabar matan gari, wadda ta kawo masa gargaɗin. Ashe mahaifiyarsa ce ta kashe ɗan kishiyarta don nata ɗan ya hau gado. Gaskiya ta fito bayan bakin alƙalami ya bushe, sarki ya hallaka.

Mu da muka tashi a ƙasar sarauta ba ma bukatar a yi mana fashin baƙin wannan. Kishi tsakanin ɗakuna, uwa mai son ɗanta ya gaji uba ko ta halin ƙaƙa, shugaban da ya ɗauki mai faɗa masa gaskiya a matsayin abokin gaba, duk mun san su. Abin da ya fi jan hankalina shi ne matsayin Omu. A garuruwan su Zulu, mata suna da tasu shugaba mai kula da kasuwa da al'amuran mata, kuma maganarta tana da nauyi a fada. Wannan ya tuna mini da Magajiya a Daura, da Iya a Zazzau, da Inna a Gobir. A wasan, mace ce ta ɓata gidan sarauta, mace ce kuma ta tsaya kan gaskiya har ta rasa kujerarta. Zulu ba ta yarda ta nuna mata da fuska ɗaya ba.

Lauya, mai yadi da makiyayin awaki

Ba kullum take sa mutane kuka ba. The Wizard of Law na 1975 wasan barkwanci ne da ta ɗauko daga wani tsohon wasan Faransa ta dasa shi a Ibadan, a jajiberin Babbar Sallah. Wani lauya mai suna Ramoni, wanda kasuwarsa ta mutu, matarsa Sikira ta tasa shi gaba kan kayan Sallah. Ya je kasuwa ya yi wa Rafiu mai yadi daɗin baki ya karɓo yadi bashi. Da mai yadi ya biyo kuɗinsa, sai lauya ya kwanta ya ƙirƙiri ciwo, matar tana rantsuwa ya daɗe bai fita ba. Daga baya Rafiu ya kai ƙarar makiyayin awakinsa, Akpan, sai ga Ramoni a matsayin lauyan makiyayi. Ya koya masa cewa duk tambayar da aka yi masa a kotu ya amsa da kukan akuya. Dabara ta ci, aka sallami Akpan. Da lauya ya ce a biya shi ladansa, sai makiyayi ya amsa masa da kukan akuyar nan da ya koya masa.

In da za a mayar da wasan nan Hausa, babu abin da za a sauya sai sunaye. A sa mai yadin a kasuwar Shuwarin, a sa rigimar kayan Sallah a kowane gida ana saura kwana uku Layya, mutane za su rantse a nan aka rubuta shi. Wanda ya haƙa ramin mugunta aka ce ya gina shi gajere, kuma wannan darasi da dariya ya fi shiga.

Wasan da ya jawo mata surutu

The Sweet Trap, wanda ya fito a 1977, shi ne ya fi jawo mata ka-ce-na-ce. A cikin 'yan bokon Ibadan aka gina shi, a lokacin bikin Okebadan, bikin da maza da mata ke yi wa juna zambo a fili. Clara tana son ta yi shagalin zagayowar ranar haihuwarta, mijinta ya hana. Ƙawayenta suka zuga ta, aka yi shagalin a wani gida, abin ya watse cikin tashin hankali da jin kunya, aurarraki suka kama hanyar mutuwa. A ƙarshe wani dattijo a dangi ya shiga tsakani, Clara ta durƙusa ta ba mijinta haƙuri.

Durƙuson nan ya ɓata wa masu fafutukar 'yancin mata rai. Suka ce ga mace ta farko da ta sami dandali, maimakon ta ɗaga mata sai ta durƙusar da su. Zulu ba ta janye ba. Ra'ayinta, wanda ta bayyana a rubuce da kuma a tarukan masana, shi ne macen Afirka ta gargajiya tana da iko da matsayi nata na kanta, a kasuwa da fada da cikin dangi, kuma mulkin mallaka da irin tarbiyyar bokon da ya kawo su ne suka raba ta da wannan iko, suka bar 'yar boko tana rataye da sunan miji da albashinsa, tana kwaikwayon faɗan da matan Turai ke yi da mazajensu. A ganinta, wadda ta san tushenta ba ta bukatar aron murya.

Ni a nawa ganin, kowane ɓangare yana da abin kamawa. Gaskiya ne haƙurin da ake ba mace ita kaɗai kullum, a ce ta durƙusa ko da ita aka cuta, ya kashe mata da yawa a tsaye, kuma mu nan mun san yadda kalmar "ki yi haƙuri" take zama murfin rufe zalunci. Amma wanda ya karanta The Sweet Trap ya manta da Wedlock of the Gods bai yi wa marubuciyar adalci ba. Hannun da ya durƙusar da Clara shi ne ya nuna yadda auren tilas ya kai gida uku ga makoki. Abin da take nema a duka biyun ɗaya ne: a gyara gida daga ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko sunan wani wasanta na 1981, Old Wines Are Tasty, abin da yake nufi shi ne abin da Bahaushe ke cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Wannan matsayi nata shi ya sa nake ganin ta fi kusa da mu a kan marubuta da yawa. Yarinyar Jigawa da za ta yi rubutu ba za ta yi shi don ta yaƙi addininta ko ta zubar da mutuncin iyayenta ba, kuma in ta yi hakan babu mai saurarenta. Amma tana iya tsayawa a tsakar gidansu ta nuna inda aka kauce, ta auna al'ada da ma'aunin da jama'a suka yarda da shi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da alƙalami da jajinta, wato matan da take turawa su koyar, ta karantar da matan karkara, ba ta fita daga da'irar addini da kunya ba.

Mu ma muna da dandali, rubutawa ce ba mu yi ba

Kada a ce wasan kwaikwayo baƙo ne ga 'ya mace Bahaushiya. In azumi ya kai goma, a fita bayan an sha ruwa a unguwannin Dutse, Garu ko Limawa ko Fagoji, a ga 'yan mata da ƙwarya da fitila suna bi gida-gida suna tashe. A wasan Mairama da Daudu, ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji, ɗaya ta yi lulluɓi ta zama amarya, sauran suna nuna mata yadda ake kai wa miji ruwa da abinci. A Samodara kuwa zaman kishi ake kwaikwaya. Kafin su kai wannan shekaru sun yi wasan 'yartsana, sun aurar da ita, sun yi mata jere da gwangwanaye, sun yi suna. A gidajen sarauta an san wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, su nuna halin kowa a gabansa, a yi dariya, mai kunne kuma ya ji saƙo. Tatsuniya da dare a bakin kaka, ita ce Gizo ita ce Ƙoƙi ita ce Ɓotorami, murya uku a maƙogwaro ɗaya. A bikin aure kuma ga amada, irin ta Barmani Choge da Uwaliya, inda mata ke faɗin abin da ba sa faɗi a gaban maza.

Efua Sutherland ta Gana irin wannan taska ta duba. Ta ɗauki tatsuniyoyin Ananse, wanda shi ne Gizonsu, ta gina The Marriage of Anansewa a kansu, ta kuma taimaka aka gina ɗakin tatsuniya a ƙauyen Atwia inda mutanen gari ke yin wasa da kansu. Abin da ke hannun kakanninmu mata bai gaza nasu ba.

To me ya hana a samu sunan mace a jerin wasannin da muka karanta a makaranta? Dalili na farko lokaci ne. Sa'ad da Hukumar NORLA da Kamfanin Gaskiya da kuma NNPC a Zariya suke buga wasanni, ɗaliban makarantun gaba da firamare kusan duk maza ne, malamai da ma'aikatan rediyon da suka rubuta wasannin ma haka. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi a rediyon Kaduna suka fara kafin su zama littafi, kuma mata nawa ne a wannan ofis a lokacin?

Na biyu, yanayin sana'ar. Ƙagaggen labari mace tana iya rubuta shi a ɗakinta bayan yara sun yi barci. Wasa kuwa yana son ƙungiya, da gwaji na makonni, da fita da yamma, da cuɗanya da maza, ga kuma sunan "'yar wasa" da ke iya hana yarinya miji. Saboda haka da mata suka shigo rubutu da ƙarfi, sai suka bi ta ƙofar labari. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, inda ta taɓo irin raunukan da Zulu ta taɓo. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da ɗimbin wasu suka cika kasuwa.

Na uku, dandalin kansa ya ƙaura. Ƙungiyoyin wasa na Kano irin su Tumbin Giwa, waɗanda suka fitar da Turmin Danya a 1990, sun koma bidiyo. Jihar Jigawa da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta 1991 ta zo ne daidai lokacin da kaset ke maye gurbin dandali, don haka Dutse ta zama babban birni ba tare da ta gaji al'adar zuwa kallon wasa a zaure ba. Mata masu baiwar tsara zance sai suka shiga rubuta fim. An mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim, Balaraba da kanta ta rubuta Juyin Sarauta, Fauziyya D. Sulaiman kuma ta kasance cikin marubutan Daɗin Kowa na tashar Arewa24. Ashe baiwar tana nan, hanya ce ta sauya.

Me ya sa za a damu da dandali?

Wani zai ce tunda ga fim ga waya, me za a yi da wasan dandali? Amsata daga aji na samo ta. Fim yana son kyamara da jari da ɗan kasuwa, kuma mai jari shi ke faɗin abin da za a nuna. Wasa kuwa tabarma biyu da aron riga sun ishe shi. Fim kallonsa ake yi a wuce, wasa kuwa yarinya tana shiga cikin rigar wani ta ji abin da yake ji. Wadda ta fito a Hayatu ta ce mini bayan bikin, tunda ta yi wannan tsawa ta ga yadda idon Halima ya cika da hawaye, ta gane abin da yayarta ke sha a gidan miji. Sannan rubutaccen wasa yana daɗewa. Shekara hamsin da ɗoriya bayan fitowar Wedlock of the Gods ana ci gaba da karanta shi da nuna shi a jami'o'i, alhali finafinai nawa ne na shekara goma da suka wuce aka manta da su?

Ba sai an gina katafaren zaure ba. Tun a ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka riƙa kai wasa ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, suna tsara shi tare da manoma a kan matsalolinsu, a yi shi a dandalin gari. Mu kuma muna da abin da ya fi wannan sauƙi: makarantun 'yan mata da Islamiyyun matan aure, inda mata za su yi wasa a gaban mata 'yan uwansu, babu cuɗanya babu abin zargi, kamar yadda ake wasan gauta a cikin gida. Muna da Rediyon Jigawa da Freedom a Dutse, inda murya kaɗai ake bukata. Muna da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, da Kwalejin Ilimi ta Gumel, inda ake da masana harshe da adabi da za su iya mayar da wasannin Zulu Hausa, da izinin masu haƙƙinsu, su kuma duba rubutun ɗalibai mata su kai shi ga ɗab'i. Gasar rubutun wasa tsakanin makarantun 'yan mata na masarautar Dutse, daga Birnin Kudu zuwa Miga, ba za ta ci kuɗin da taron siyasa ɗaya ke ci ba.

Abin rubutawa kuwa ba ya ƙarewa: yarinyar da ke talla a tasha tana leƙen 'yan makaranta, matar da mijinta ya tafi cirani Legas ya bar ta da 'ya'ya biyar da uwar miji, bazawarar da ta koma aji tare da sa'o'in 'yarta, kishiyoyin da suka haɗa kai suka riƙe gida bayan ambaliya ta cinye gona. Waɗannan labarai a ɗaki ake faɗinsu, murya ƙasa-ƙasa, a wurin da namiji ba ya shiga. Shirun nan da ɗalibata ta ce Halima za ta yi, da maganar da za ta biyo baya in an sakaya labule, mace ce kaɗai ta san su. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

In azumi ya zagayo, ku lura da 'yan tashen da za su shigo gidanku. A cikinsu akwai wata guda, ba lalle ita ce mai murya ko mai rawa ba, wadda tun a zaure take raba aiki: ke ce Daudu, ke ce Mairama, ke ki tsaya nan, kada ki fara sai na ɗaga hannu. In wata ta yi kuskure ita ke gyara mata, in an ba da hatsi ko kuɗi ita ke riƙewa. Wannan yarinya aikin da Zulu Sofola ta yi a Ibadan da Ilorin take yi, ba ta dai san sunansa ba. Ku tambayi sunanta, ku tambayi ajin da take. Ku saya mata littafin rubutu da biro, ku ce ta rubuta muku wasan da za su yi baɗi.